Amsa ga ɗan'uwan da ke jiran kuɗin ruwa ya sauka kafin ya sayi gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce shekararka shida kana haya a nan Amurka, ka tara abin da zai isa kafin alƙalami, amma kana tunanin ƙara haƙurin shekara ɗaya ko biyu, ko kuɗin ruwan bashin gida ya sauka, farashin gidaje ma ya faɗi. Ni ba ma'aikacin banki ba ne. Sai dai irin wannan jiran na yi shi har na gode Allah, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

A farkon 2021 ina da kuɗin a hannu. A watan Janairun shekarar, matsakaicin ruwan bashin shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65 cikin ɗari, wanda tun da Freddie Mac, hukumar harkar bashin gidaje a Amurka, ta fara wannan ƙididdiga a 1971 ba a taɓa ganin ƙasa da haka ba. Amma ni ban kalli ruwan ba, farashi na kalla. Gida ya fito kasuwa ranar Juma'a, kafin Litinin mutum goma sun taya, wasu har suna ƙari kan kuɗin da mai gida ya yanka. Na ce wa maiɗakina wannan hauka ne, kumfa ce, za ta fashe kamar ta 2008, mu zauna mu gani. Ashe zaman jiran gawon shanu na ɗaura.

A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga ruwa don ya kashe wutar tsadar kaya, daga kusan sifili har ya kai tsakanin 5.25 da 5.50 a Yulin 2023. Ruwan bashin gida ya bi sahu, a Oktoban 2023 ya taɓa 7.79. Na ce to yanzu kam dole farashi ya karye, tunda masu saye sun ja da baya. Bai karye ba. Dalilin da ban hango ba shi ne, miliyoyin mutane sun riga sun ɗaure bashinsu a kashi 3 ko ƙasa da haka. Wa zai sayar da gidansa ya je ya ɗauko sabon bashi a kashi 7? Kowa ya toge a inda yake. Ga shi kuma tun bayan 2008 ba a gina gidaje yadda ya kamata ba. Sai masu saye suka ragu, masu sayarwa ma suka ragu. A 2023 gidajen hannu da aka sayar ba su wuce miliyan huɗu da 'yan kai ba, rabon da a ga ƙarancin ciniki irin haka tun 1995, amma duk da haka matsakaicin farashinsu ya haura dala 400,000 a 2024. Kasuwa ta mutu, kaya bai yi araha ba.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji a nan zauren, cewa da zarar babban banki ya rage ruwa shi ke nan bashin gida ya yi sauƙi. Ba shi ke yanka ruwan bashin gida ba. Wannan ruwan ya fi bin takardun lamunin gwamnati na shekara goma, su kuma suna hawa da sauka ne bisa yadda masu zuba jari ke hasashen tsadar kaya. A Satumban 2024 babban bankin ya rage rabin maki guda, kowa na murna. Lokacin ruwan gida yana wajen 6.1. Kafin tsakiyar Janairun 2025 ya koma 7. Waɗanda suka ce bari a ƙara ragewa tukuna, su ne suka ciji yatsa.

Ni dai a ƙarshen 2023 na gaji na saya, a kusan mafi munin lokaci. Bari in yi maka lissafi da kuɗi mai sauƙin riƙewa. Bashin dala 300,000 na shekara 30, a kashi 3 za ka riƙa biyan kusan 1,265 duk wata. A kashi 6 kusan 1,800. A kashi 7 kusan 2,000. Gida ɗaya, ɗakuna ɗaya, amma bambancin kashi 3 da kashi 7 ya fi dala 700 a wata. Ranar da takardar biyan farko ta zo mini, a tsaye na buɗe ta a bakin ƙofa. Na duba layin uwar kuɗi, na cire tabarau na goge na sake dubawa. A misalin nan na kashi 7, cikin 2,000 ɗin da ka biya a watan farko, 1,750 ruwa ne zalla, abin da ya taɓa uwar kuɗi bai kai 250 ba. Haka za a yi ta tafiya shekaru kafin ma'aunin ya fara rinjaya wajenka. Saboda haka in ba ka da niyyar zama a garin aƙalla shekara biyar, ni ban ga amfanin sayen ba, kuɗin rufe ciniki kaɗai, wato kuɗaɗen banki da na takardu da ake biya ranar kammala sayen, kan ci kashi 2 zuwa 5 na bashin.

Dillalin da ya nuna mini gidan yana da wata magana da ya haddace: ka saya yanzu, in ruwa ya sauka sai ka sabunta bashin. Gaskiya ce rabi. Ana sabuntawa, amma ba kyauta ba, sai ka sake biyan kuɗin rufewa, a sake tantance albashinka da darajar gidan. Kuma babu wanda ya yi maka alkawarin saukar. Tun daga tsakiyar Satumban 2022 har ƙarshen 2024 matsakaicin bai sauko ƙasa da kashi 6 ba ko da mako guda. A ganina kashi 3 ɗin nan abin annobar korona ne, ya zo ya wuce. Dattawan da suka sayi gida a 1981 sun ga ruwa sama da kashi 18, su kam dariya suke mana.

Abin da ya fi girgiza ni ma ba ruwan ba ne. Bayan shekara guda sai ga wasiƙa, wai harajin gida ya hau, inshora ta hau, asusun da masu ba da bashin ke tara mini kuɗin biyansu ya yi giɓi, don haka biyan wata ya ƙaru. Ni da na ɗauka "tsayayyen ruwa" yana nufin tsayayyen biya. Ruwan ne kawai a tsaye, sauran duk suna da ƙafa. Cikin damunar nan kuma tukunyar ruwan zafi ta fashe, babu mai gidan da zan kira, ni ne mai gidan. In kuma kafin alƙalaminka bai kai kashi 20 ba, akwai wata inshorar da za a ɗora maka don kare mai ba da bashin, ba kai ba. Bashin FHA, wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, yana karɓar kafin alƙalami na kashi 3.5, amma shi ma da tasa inshorar.

Na san wasu za su tayar da zancen riba, kuma da gaskiyarsu. Wannan ka kai shi ga malamai. Abin da na gani kawai, kamfanonin da ke yin tsarin Musulunci na haɗin gwiwa ko murabaha, su ma ribarsu da kasuwa take tafiya, don haka lissafin biyan wata bai canja ba.

Game da inda kasuwar ta dosa, ban yarda da faɗuwa irin ta 2008 ba, don wancan karon bashi aka riƙa rabawa har ga wanda ba shi da abin biya, yanzu kuwa tantancewa ta yi tsauri. Amma Amurka ba kasuwa ɗaya ba ce. A Austin da ke Texas, inda aka yi gini da yawa, farashi ya sauko daga ƙololuwar 2022. A Florida inshora ce ke gasa wa mutane aya a hannu. Ka duba naka garin: gida kwana nawa yake yi a kasuwa, masu gida suna rage kuɗi ko a'a. Kuma ka tuna, ranar da ruwa ya sauka sosai, duk masu jira irinka za su fito rana ɗaya, a koma tayi kan tayi.

Shawarata, ka manta da hasashe, ka ɗauki ruwan yau ka yi lissafi da shi, ka haɗa haraji da inshora da ɗan abin gyara. In za ka iya biya ko da ruwan bai taɓa sauka ba, kuma za ka rage ajiyar wata shida bayan ka biya kafin alƙalami, ka shiga kasuwa. In sai da fatan sabuntawa lissafin ke fita, ka ci gaba da hayarka, ba abin kunya ba ne. Kafin ka sa hannu kuma ka nemi tayi daga masu ba da bashi uku ko huɗu cikin mako biyu, don binciken bashin da za su yi maka ya zama kamar guda ɗaya a makinka na cancantar karɓar bashi. Doka ta wajabta musu ba ka takardar ƙiyasi cikin kwanakin aiki uku, shafi uku ce, tsarinta iri ɗaya ko'ina. Ni wuri ɗaya na je, wanda dillali ya turo ni, sai daga baya wani abokin aiki ya nuna mini tasa takardar ta makon da na rufe, da ruwa ƙasa da nawa. In ka karɓo naka, rufe sunanka ka turo shafi na biyu mu duba tare.