Amsa ga Kawu: Mabiya Buddha da Auren Jinsi a Tailan

Kawu, barka da war haka. Na samu saƙonku inda kuka ce kun ji a rediyo cewa Tailan ta halatta auren jinsi, kuka kuma tambaye ni ko addinin Buddha ne ya ba su wannan dama, tun da sama da kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiyansa ne. Labarin gaskiya ne, domin dokar ta fara aiki ranar 23 ga Janairu, 2025, bayan majalisun ƙasar sun amince da ita a 2024, kuma Tailan ce ta farko a kudu maso gabashin Asiya. Sai dai yadda muke auna al'amari a gida, inda malami ke ɗaura aure kuma hukuncin halal da haram ke fitowa daga littafi, ba zai yi muku aiki a nan ba.

A wurinsu aure ba ibada ba ne. Ofishin gunduma ake zuwa a rubuta shi, limamansu kuwa sai dai a gayyace su da safe su yi karatun neman albarka, a ba su abinci, su koma. Saboda haka majalisa ce ta yi dokar, ba limamai ba. Mabiyi na gama-gari yana da alkawura biyar da yake ɗauka, na ukunsu shi ne kauce wa ɓarna a sha'anin jima'i, kuma tsofaffin littattafansu sun fi bayyana wannan ɓarnar da neman matar wani, ko yarinyar da ke hannun iyayenta, ko tilastawa. Ba su ambaci luwaɗi ko maɗigo ƙarara a cikin wannan alkawari ba, daga nan ne saɓanin malamansu ya taso. Dalai Lama, jagoran mabiya na Tibet, ya faɗa a 1997 cewa a koyarwarsu wannan ɗabi'a tana cikin ɓarna, amma ya ƙi yarda a tsangwami masu yin ta, alhali a Taiwan wata malamarsu ta jagoranci bikin auren mata biyu a 2012, shekara bakwai kafin ƙasar ta yi doka.

Tsananin yana kan limaman ne. Wanda ya zama cikakken limami ya sanya mayafinsu mai ruwan goro yana ƙarƙashin dokoki 227, kuma idan ya sadu da mace ko namiji, duk ɗaya ne, an kore shi ke nan har abada. Akwai kuma wani rukuni da littafin dokokinsu ya kira pandaka, waɗanda aka hana naɗa su limamai, kuma har yau ana gardama a kan ko kalmar tana nufin wanda halittarsa ta tauye ne ko kuwa mai ɗabi'ar mata. Wannan gardama tana da nauyi, domin al'adar ƙasar ce saurayi ya shiga gidan bauta na ɗan lokaci, galibi da damina, don iyayensa su samu lada, kuma uwa tana jin zafin a ce ɗanta bai cancanta ba.

A layinmu akwai wani mai sayar da soyayyar ayaba, cikin waɗanda suke kira katoi, wato namijin da ke shiga da magana irin ta mata. Kusan abin da muke kira ɗan daudu ne, sai dai su a fili suke, a banki da asibiti da talabijin. Kullum da sassafe, lokacin da limamai ke wucewa ba takalmi suna karɓar sadaka, nakan gan shi ya cire silifas, ya durƙusa, ya zuba shinkafa a ƙwaryarsu, su yi masa addu'a kamar kowa. Wata rana mahaifiyarsa, tsohuwa mai yawan fara'a, ta gaya mini ba tare da wani ɓacin rai ba cewa alhakin wata rayuwa da ya yi a baya ne yake biya, domin sun yi imani ana mutuwa a sake dawowa, kuma da yawa suna cewa wanda ya ci amanar aure a can shi ake haifa haka. A ganina, abin da baƙo ke ɗauka amincewa ce, sau da yawa tausayi ne haɗe da kawar da kai, don mutanen nan sun ƙi jinin fito-na-fito.

Kada kuma ku ɗauka duk ƙasashen Buddha haka suke. A Miyanma da Siri Lanka dokar da Turawan Birtaniya suka bari ta hukunta luwaɗi tana nan a rubuce, Butan kuwa sai a 2021 ta soke tata.

Game da mu da kuka nuna damuwa, babu wanda ya tilasta wa wani masallaci ɗaura irin wannan aure. Musulmin lardunan kudu kamar Pattani da Yala da Narathiwat suna da dokar aure da gado ta Musulunci da gwamnati ta amince musu da ita tun 1946, mu kuma a Bankok limaminmu ne ke ɗaura mana aure da waliyyi da shaidu da sadaki, kamar yadda kuka ɗaura nawa a gida. A gaida Gwaggo da yara.