Tambayoyinku: Na'urar Korar Barci da Wayar da Ke Zafi

Tambaya: Malam, wayata tana zafi idan ina caji. Daga wata a Kurna.

Amsa: Hajiya, ki daina kallon TikTok tana jone da wuta, ki kuma fito da ita daga ƙarƙashin matashi. In ta ci gaba, wataƙila cajar ce. Kasuwar waya ta Farm Centre ba nisa.

Tambaya: Ina lodin Kano zuwa Abuja da dare. Na ga ana tallar na'urar da ake mannawa a fata tana sakin ɗan lantarki, wai tana korar barci. Mahaifiyata tana da irinta ta ciwon baya. In manna a wuya? Daga wani direba a Unguwa Uku.

Amsa: Direba, don Allah mayar wa Hajiya kayanta. Nata sunanta TENS, aikinta rage raɗaɗi. Tun 1965 masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa motsa jijiyoyin fata na iya tare saƙon ciwo kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ba ruwanta da barcinka.

Masu talla suna fakewa ne da wata jijiya daban, vagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya har zuciya da ciki. A 2021 an wallafa gwajin da aka yi wa sojojin saman Amurka 40, aka hana su barci awa 34. Waɗanda aka motsa wa jijiyar da na'urar gammaCore sun fi sauran natsuwa. To amma a ɗakin gwaji suke zaune, ana lura da su. Ba mai fasinja a bayansa, ba tirela a gabansa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wuyan da ka ambata. Can ne ma'aunin bugun jini yake. Ka saki lantarki a wurin, jini na iya faɗuwa, ka suma da sitiyari a hannu. Mai farfaɗiya, mai juna biyu da mai na'urar bugun zuciya kuwa, ko a gadon baya ma sai likita ya yarda.

Barci bashi ne. Wani sinadari, adenosin, ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin kana farke. Goro da kofi rufe masa baki kawai suke yi. Ni dai kullum maganata ɗaya: faka a Kaduna, saita ƙararrawar waya minti 20, ka kwanta.

Tambaya: Kwamfutata ta ƙi kunnuwa tun jiya. Daga wani a Hotoro.

Amsa: Yallaɓai, an kawo wuta a layinku tun jiyan?