Tambayoyinku: fam 30,000 a Ingila, nawa ne zai shigo hannuna?

Salamu alaikum Anti. Ni nas ce a nan Kumasi, na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Birmingham, takardar ta ce albashi fam 30,000 a shekara. Yayana ya buga a kalkuleta ya juya shi zuwa sidi, tun ranar gidanmu ba a zancen komai sai fili da kujerar Makka ta Mma. Ni kuma gabana faɗuwa yake don na ji ance haraji can ba wasa. Dan Allah nawa ne zai rage min, kuma Gana ma za su cire nasu?
Daga wata ƙanwarki, Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa alheri ya kai ki lafiya. Abu na farko ki karɓe kalkuletan nan daga hannun yayanki, don 30,000 ɗin da ke takarda ba shi ne zai faɗo akawun ɗinki ba, kuma ba a kasuwar Kejetia za ki kashe shi ba balle a auna shi da sidi. A fam ake lissafin har ƙarshe, abin da ya yi saura shi kaɗai ake juyawa.

Toh ga yadda yake. A Ingila fam 12,570 na farko a shekara babu haraji a kansa, daga nan har 50,270 ana cire kashi 20 cikin ɗari. Naki in an ɗebe 12,570 saura 17,430, harajinsa 3,486. Sai wanda suke ce ma NI, wato inshorar ƙasa, kusan shi ne SSNIT ɗinsu, asusun fanshon ma'aikata irin namu na Gana, kashi 8 a kan wannan 17,430 ɗin dai, wajen 1,394 kenan. Kinga an kwashe 4,880, saura kamar 25,120, ki raba gida 12 zai baki wajen 2,093 a wata maimakon 2,500 da ake ta murna a kai. Kuma ba ke za ki je ki biya ba, PAYE ne irin namu na nan, tun kafin kuɗin ya iso ki an yanke. Ban da fansho, da kansu suke saka ki a ciki, mafi ƙaranci kashi 5 na wani ɓangaren albashin, kusan fam 100 a wata, mai aikin ya ƙara kashi 3. Za ki iya cewa a fitar da ke amma ni ban baki shawara ba, kashi ukun nan kuɗinki ne za ki bar musu. In an haɗa duka ki riƙe fam 2,000 a ranki. Wannan lissafin Ingila ne fa, Sikotilan nasu matakan daban, kuma ana taɓa alƙaluman lokaci lokaci, shekarar harajinsu 6 ga Afrilu take farawa, ki leƙa shafin gov.uk kafin ki tashi.

Yanzu a cikin dubu biyun nan ne rayuwa take. Haya can wata wata ake biya, ba irin adibas na shekara biyu da masu gida ke ƙaƙaba mana ba, amma akwai difozit kafin a baki makulli, kuma hayar ce za ta fi cin kuɗin, sannan harajin kansul wanda mazaunin gida ke biya ko da haya yake, ga wuta da gas wanda in sanyi ya shigo hita kaɗai sai ta sa ki riƙe baki, ga kuɗin bas, ga waya, ga cefane. A misali kawai, in ɗaki da su wuta da kansul suka ci 800, mota da abinci da waya 450, saura 750, daga ciki za ki yi ajiya, ki tara kuɗin jirgin zuwa gida, ki turo wa Mma. Kar ki dogara da misalina, ki nemi wata nas 'yar Gana da ke wannan garin ta faɗa miki abin da take biya da bakinta.

Akwai abu biyu da nake so ki tambaye su a rubuce tun kina nan. Shin 30,000 ɗin daga ranar da kika sauka ne, ko sai kin ci OSCE, wato jarrabawar gwada aikin nas a aikace, kin samu lambar rajista ta NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a can? Da yawa albashin da ake biya kafin lambar ta fito ya fi ƙanƙanta. Sannan ki karanta kwantiragin da kyau wajen da ya ce in kin bar aikin da wuri za ki maido kuɗin jirgi da na jarrabawa, nawa ne, shekara nawa ne, kuma in su za su baki masauki nawa za su dinga cirewa. Wallahi wannan wajen ne yake ɗaure 'yan uwanmu mata a inda ba sa jin daɗi su kasa motsi. In kuma akwai ejan da ke cewa ki biya shi kuɗin samo aikin, ki tsaya, dokar Ingila ta hana kamfanin ɗaukar ma'aikata karɓar irin wannan kuɗin daga hannun mai neman aiki.

In takardar albashin farko ta fito ki duba lambar harajinki, yawanci 1257L ce. In kika ga BR ko 0T to ana cire miki haraji ba tare da rangwamen 12,570 ba, yana faruwa da sababbin zuwa, ki tuntuɓi HMRC, hukumar harajinsu, su gyara, rarar da suka cire za ta dawo.

Maganar Gana kuwa ki kwantar da hankalinki, akwai yarjejeniya tsakaninmu da Birtaniya ta hana cire haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, albashin aikin da kika yi can kina zaune can, can ake cire harajinsa. Amma in kina da shago ko ɗakin haya a Aboabo wannan kam lissafin GRA ne, hukumar harajin Gana. Kuma kafin ki tafi ki shiga ofishin SSNIT ki karɓi bayanin watanninki, ana buƙatar wata 180 kafin a samu fansho, ki tambaye su yadda za ki ci gaba da zubawa da kanki daga can.

Su Mma kuma ki zaunar da su tun yanzu ki nuna musu lissafin nan a takarda, ki ce wata uku na farko kar a sa rai da komai, bayan nan sai ki yanka abin da za ki iya turowa ta momo, wato kuɗin waya, duk wata ba tare da kin ci bashi ba.