Ciwon gwiwa babu inshora: ki dakata kafin ki ci bashin kuɗin MRI

Sannu Yaya, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Da na karanta tambayarki sai da jikina ya yi sanyi, don irin gwiwar da ke hana ki barci ita nake lallaɓawa. Kin ce shekarunki 52, gwiwar dama ta daɗe tana damunki, ta fi tsananta in za ki sauko daga bene ko ki tashi daga zaune, ba ki da inshorar lafiya, an kuma ce sai kin yi hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna nama da guringuntsin cikin gaɓa, sannan a fara yi miki allura a cikin gwiwar, kuɗin kuma ya fi ƙarfinki. Don Allah ki dakata, kada ki ci bashi tukuna.

Da farko ki taɓa gwiwar da bayan hannunki, ki taɓa ɗayar. In ta fi ta zafi sosai, ta kumbura suntum, ko zani ba kya son ya goge ta, ga kuma zazzaɓi, to ki ajiye wayar nan ki nufi asibiti yau. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa cikin 'yan kwanaki take cinye guringuntsi. Haka ma in kin faɗi ne kika kasa yin taku huɗu a kanta, ko gwiwar tana ƙagewa ta ƙi miƙewa, ko sha-raɓarki ta kumbura tana zafi, wanda kan iya zama gudan jini ne a jijiya. Waɗannan ba a yi musu tsimin kuɗi.

In babu ko ɗaya daga ciki, abin da kika kwatanta ya fi kama da zaizayewar gaɓa, abin da da yawa daga cikinmu muke fama da shi. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila hanyoyin magani, ita ce wanda ya kai shekara 45, ciwon yana tashi in ya yi aiki da gwiwar, sandarewar safe kuma ba ta wuce minti 30, likita zai iya gane ciwon ta tambaya da dubawa kawai, ba sai an yi hoto ba. Ki lura da minti 30 ɗin nan. In safiyarki gaɓoɓi kan sandare awa guda ko fiye, har da yatsun hannu biyu, wannan wani ciwon ne daban, yana son gwajin jini. Ki kuma sa likita ya juya miki ƙugu ya gani, domin ciwon gaɓar ƙugu yakan sauko ya ɓuya a gwiwa, a yi ta jinyar inda ba nan matsalar take ba. In hoto ya zama dole, hoton ƙashi na eksire ya isa, amma ki ce a ɗauke ki a tsaye. A kwance nauyi ba ya kan gaɓar, sai tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta fito da faɗi, a ce miki lafiya lau, kin yi asarar kuɗi.

Shi MRI matsalarsa ba tsada kaɗai ba ce. Yana nuna abin da ba lalle shi ne ke ciwo ba. A 2008 an duba gwiwar mutum kusan dubu a Amurka, masu shekara 50 zuwa 90, aka tarar kashi 61 cikin 100 na waɗanda faifan guringuntsin gwiwarsu ya yage ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabata. To ke za a miƙo miki takarda an rubuta "ya yage", hankalinki ya tashi, magana ta koma tiyatar wanke gwiwa ta ƙaramin rami. Ita ma an gwada ta. A 2002 aka raba marasa lafiya 180, wasu aka yi musu aikin gaske, wasu aka ɗan tsaga fatar kawai aka ɗinke, bayan shekara biyu ba su fi juna samun sauƙi ba. Duk gwajin da aka ce ki yi, ki tambaya da ladabi: "Likita, in sakamakon ya fito, me zai canza a maganin da za ka ba ni?" In babu amsa, ki riƙe kuɗinki.

Maganar allura kuma, nan ne raina yake ɓaci. Ba wai ba ta da amfani ba. Allurar sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi, a cikin gaɓa tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, kamar biyu zuwa goma, amfaninta shi ne ta ba ki sarari ki fara motsa ƙafar. Amma akwai masu mayar da ita sana'a, duk bayan 'yan makonni ki dawo ki biya a sake tsira miki. A wani gwaji na 2017 an yi wa mutum 140 allura duk bayan mako 12 har shekara biyu, rabi sitiroyid, rabi ruwan gishiri. Ciwon bai bambanta ba, sai ma guringuntsin masu sitiroyid ya fi zaizayewa. Tana kuma ɗaga suga na 'yan kwanaki, in kina da ciwon suga ki faɗa kafin a yi. Sannan kada ki yarda kowa ya soka miki allura a gaɓa in ba likitan da ya iya ba, a wuri mai tsabta, don ta nan ƙwayar cutar da na faɗa a sama take samun hanya.

Waɗanda suka fi waɗannan zalunci su ne masu ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda ko takarda, babu suna babu kwali, su ce haɗin ciwon gaɓɓai ne. Sun san wadda ba ta da kuɗin ganin likita ita za ta zo. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, waɗanda su ma sitiroyid ne, tare da maganin ciwo iri biyu ko uku masu aiki ɗaya. Kwana biyu za ki ji kamar an canza miki ƙafa, ki yi ta sa musu albarka. Bayan 'yan watanni fuska ta yi zagaye ta cika, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi laushi tana shatar jini da an ɗan buge ta, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, wani lokacin kan ƙashin cinya ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi. Mutane na ce wa mai shan ta yi ƙiba ta yi kyau, ita kuwa jikinta ne ke lalacewa. Kuma jiki yakan daina sarrafa nasa sinadarin in an daɗe ana ba shi na waje, shi ya sa wadda ta yi makonni tana sha ba za ta yanke rana ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage mata a hankali, in ba haka ba jini ya faɗi ta sume. Mai sayarwar ba zai taɓa gaya mata wannan ba. Ya karɓi kuɗinsa, ita ce za ta kwana da amai da jiri, ta zo tana biyan gwajin ƙoda da kuɗin da ba ta da shi tun farko. Wallahi abin yana ci mini rai. Wasu magungunan da ake tallatawa a matsayin na ganye zalla ma an sha kama su da sitiroyid a ciki.

Maganin da ya dace ki fara da shi na shafawa ne, diclofenac mai kashi 1 cikin 100. Gwiwa gaɓa ce da ke kusa da fata, yana ratsawa, kuma kaɗan ne yake shiga jini. Mutane suna ɗan dangwala su ce ba ya aiki. Adadinsa giram 4 ne ga gwiwa ɗaya, har sau huɗu a rana, gaba da gefe da gefe, a fata mai lafiya, ki ba shi mako guda ko biyu kafin ki yanke hukunci. In ciwon ya taso da ƙarfi, ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci, kada ya wuce sau uku a rana, na 'yan kwanaki kawai. Kada ki haɗa shi da ƙwayar diclofenac ko naproxen ko piroxicam, duk dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake jawowa. In kina da olsa, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, ko kina shan maganin tsinka jini, ki bar su sai likita ya ce. In kika ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ki daina nan take ki je asibiti, jini ne. Paracetamol ya fi sauƙin illa amma ƙarfinsa a wannan ciwon kaɗan ne, kuma ba a wuce giram 4 a rana. Tramadol ki yi nesa da shi. Glucosamine da ake sayarwa da tsada an gwada shi a kan mutum sama da 1,500 a 2006, a jimlace bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba.

Abin da zai riƙe ki na dogon lokaci naman cinyarki ne. Ciwo yana sa ki daina taka ƙafar, tsokar gaban cinya ta rame, in ta rame duk taku sai ya sauka a kan gaɓar kai tsaye, ciwo ya ƙaru. Ki auna cinyoyinki biyu da zare, kamar tafi guda sama da ƙoƙon gwiwa, mai yiwuwa ki ga ta dama ta fi siranta.

Ki fara a kwance. Naɗe tawul ki sa ƙarƙashin gwiwar, ki danna shi ƙasa har ki ga ƙoƙon gwiwa ya ɗan ja sama, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma. Daga nan ki lanƙwasa ƙafar mai lafiya, ki miƙe mai ciwon sosai, yatsu na kallon sama, ki ɗaga ta zuwa tsayin ɗayar gwiwar, ki sauke a hankali. Kuskuren da ake yi shi ne a bar gwiwar ta ɗan lanƙwashe wajen ɗagawa, sai aikin ya koma ƙugu, cinyar ba ta samu komai ba. Sai ki juya ki kwanta a gefen mai lafiya, ki ɗaga ƙafar sama a miƙe, diddige ya ɗan koma baya, kada ki bari ƙugu ya mirgina. Wannan yana ƙarfafa naman gefen ƙugu, shi ke hana gwiwa faɗawa ciki in kina saukowa bene.

Wanda ya fi duka shi ne tashi da zama. Kujera mai tauri, ki jingina ta da bango. Ƙafafu a ware daidai kafaɗa, diddige ya ɗan shiga ƙarƙashinki, ki sunkuyo gaba, ki miƙe. Wajen zama ki ƙirga uku kina sauka, kada ki faɗa daɓas, saukar ce ke gina tsokar. Gwiwa ta riƙa kallon yatsan ƙafa na biyu. In ya yi wuya ki ɗora matashi a kujerar ta ƙara tsayi, ki dafa da hannu, daga baya ki cire. Goma-goma sau biyu ko uku, kwana uku ko huɗu a mako. Zai yi ciwo kaɗan, kada ki tsorata. In kin auna ciwon daga 0 zuwa 10 bai wuce 5 ba, ya kuma koma yadda yake kafin awa 24, ki ci gaba. In washegari ta kumbura, ki rage rabi, ki sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15, amma kada ki daina gaba ɗaya. Sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu ake ganin bambanci na gaske, a mako na uku kuwa yawanci ake karaya a bari. Ƙarar ƙas-ƙas da take yi in babu ciwo tare da ita, ki rabu da ita.

Na san an dame ki da maganar ƙiba, ba zan ƙara miki ba, sai dai lissafin ya cancanci a sani: kilo ɗaya da ya ragu yana sauke kusan kilo huɗu daga kan gwiwa a kowane taku. Sanda kuma ba abin kunya ba ce. A hannun hagu za ki riƙe ta tunda dama ce ke ciwo, ta yi gaba tare da ƙafar mai ciwo, tsayinta daidai wuyan hannu in kin tsaya kin saki hannu. A bene, mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Tsugunno mai zurfi da doguwar durƙusawa ki rage su a wannan tsakanin.

Ɗan kuɗin da ke hannunki, ni a ganina gida biyu za ki raba shi. Ganin likita sau ɗaya wanda zai taɓa gwiwar da hannunsa, ya duba hawan jini, in da hali a gwada ƙoda kafin ki daɗe kan maganin ciwo. Sai ganin likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, sau ɗaya ko biyu. Ki gaya masa kai tsaye ba ki da inshora, ba za ki iya zuwa kullum ba, ya koya miki abin da za ki yi a gida, ki sa a ɗauke ki bidiyo da wayarki kina yi yana gyara miki. Kada kuɗin ya tafi wajen na'urar ɗumama da ta jijjiga, daɗinsu na ranar ne. Asibitocin gwamnati da na koyarwa yawanci sun fi sauƙin kuɗi, da yawa kuma suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ba wanda zai nuna miki sai kin tambaya. Ki nemi a faɗa miki kuɗin komai kafin a yi, a rubuta miki magani da sunansa na asali maimakon na kamfani, ki kuma tafi da tsofaffin hotuna da takardun gwaji don kada a maimaita.

Yaya, ki rubuto mana sunan duk ƙwayar da kike sha yanzu yadda yake a jikin kwalin, da tsawon lokacin da kika yi kina sha, da ko kina da olsa ko hawan jini. In akwai wadda aka ba ki babu suna kuma kin wuce mako uku a kanta, kada ki yanke ta da kanki, ki ɗauke ta a yadda take ki kai wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna ya gani a wannan makon.