Tambayi Likita: yawon daji da damina, dukan ruwa, maciji da tsawa

Assalamu alaikum jama'a. Tunda ruwa ya zauna, saƙonnin da ke shigo min kusan duk na masu fita daji ne. Ni kaina ranar da ba ni da aiki nakan bi ta wajen dutsen Kufena da ke nan Zariya bayan asuba, lokacin ƙasa na ƙamshi, masara ta kai kafaɗa, kaɗanya da ɗorawa sun yi shar, wallahi mutum sai yaji ƙirjinsa ya buɗe. Don haka ba zan hana kowa fita ba. Ga amsoshin.

Wani ɗalibi daga Samaru: Likita mun fita zagaye da abokai ta bayan dam ɗin Kubanni ruwa ya mana duka sosai, bayan kwana 2 zazzaɓi ya rufe ni, Umma tace ruwan ne ya sa min maleriya. Haka ne?

Ƙanena Allah ya ƙara sauƙi. Ruwan sama baya ɗauke da maleriya, cizon macen sauro ne ke kawo ta, kuma daga cizon zuwa zazzaɓi ana ɗaukar aƙalla kwana 7, yawanci 10 zuwa 15. Kaga kenan in maleriya ce to tun kafin ku fita sauron ya cije ka, ƙila ma a ɗakinka. Abinda ya sa Umma ta haɗa su shine da damina ne sauro ke yawa saboda kwatoci da ramukan da ruwa ke kwanciya. Kaje a maka gwajin jini na yatsa, minti 20 ya isa, in ta tabbata ka sha maganin kwana 3 ka cinye shi duka koda kaji sauƙi. Sannan in kun yi wanka a dam ɗin ka sa ido, in kaga jini a ƙarshen fitsari ko da bayan watanni ne tsargiya ce, tana da magani, kar kaji kunyar faɗa.

Wani dattijo daga Tudun Wada: Shekarata 62, ina da hawan jini da suga, ina son tattaki a bayan gari amma yara suna hana ni wai sanyi zai kama ni.

Baba kayi tafiyarka, ka gaya musu likita ne yace. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau 5, kuma tafiya tana sauke jini tana taimaka wa suga. Ni a ganina tafiya tsakanin itatuwa ta fi ta bakin titi nesa ba kusa ba, babu hayaƙin keke napep babu hon, sai kukan tsuntsaye da kwaɗi, mutum yana tafe yana tasbihi hankalinsa na kwanciya. Sharaɗina dai ka sa takalmi rufaffe, ka sa dabino a aljihu ko suga zai faɗi, in ka dawo ka shanya ƙafa ka duba tsakanin yatsu don mai suga ƙaya kan soke shi bai sani ba. Kar ka hau dutse in ya jiƙe, santsi gare shi. Kuma ku tafi ku biyu ko uku, kar ku nutsa can ciki, kowa ya san halin tsaro a dazukan da suka yi wajen Giwa da Birnin Gwari.

Wani bawan Allah daga Shika: In maciji ya sari mutum a daji me za a fara yi? Mu dai mun saba ɗaurewa da tsumma a tsaga wurin.

Malam dan Allah ku daina, wannan tambayar ita tafi damuna. Na sha ganin ƙafar da ɗauri ya lalata fiye da yadda dafin ya lalata ta, an ɗaure tamau jini ya daina zuwa har naman ya mutu. Tsagawa kuma in kububuwa ce tayi saran haɗari ne babba domin dafinta hana jini daskarewa yake, sai wurin yayi ta zuba, dasashi ma ya fara jini. Ba a tsotsa, ba a ƙonawa, baƙin dutsen da ake mannawa a wurin saran baya zuƙe dafi, kuma kar a tsaya neman macijin. A kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a sa wa ƙafar kara kamar ta mai karaya don kar ta motsa, a ɗauke shi a kai babban asibiti irin na koyarwa da ke nan Shika. Ko yace baya jin komai a kai shi, saran kububuwa yakan yi shiru kafin ya nuna kansa. In kumurci ne ya feso a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take. Da damina ruwa na cika musu ramuka suna fitowa, ciyawa kuma ta rufe hanya, shiyasa nake cewa takalmin roba dogo, sanda a hannu, da tocila in duhu ya fara.

Wata baiwar Allah daga Wusasa: Yarana in hadari ya taso suna daji sai su fake a gindin bishiya, akwai matsala?

Akwai Hajiya. Tsawa tafi faɗa wa abu mai tsayi, bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili da kan dutse sune mafi muni. Su sauko ƙasa, su bar bakin ruwa, su nemi gini ko cikin mota, kuma su jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin su fito. Wanda tsawa ta faɗa wa babu wuta a jikinsa, a taɓa shi, ba sai an jira an nemo nono ba kamar yadda nake ji ana faɗa. In baya numfashi a fara danna masa tsakiyar ƙirji da ƙarfi, wani kuma ya ruga neman mota.