Shafin Shawarwari: 'Yata Ta Rikice Tun da Aka Fara Aljabara

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Unguwar Rogo da ke Jos, kuma ina da 'ya a aji biyu na ƙaramar sakandare wadda ba a taɓa kuka da ita a lissafi ba, sai da aka fara musu aljabara. Idan aka ce ta taƙaita 3x + 2y sai ta rubuta 5xy, idan kuma aka ba ta 7a − (2a − 4b) sai ta samo 5a − 4b. Mahaifinta ya ce ba ta da kan lissafi, ni kuwa ina fargabar jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, da ke jiran ta a aji uku. Yaya zan yi, ni da karatuna na boko bai yi nisa ba?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Da girmamawa ga maigidanki, ban yarda da hukuncinsa ba, domin yarinyar ta iya tarawa da ɗebewa, abin da ya shige mata duhu shi ne ma'anar harafin.

Ki fahimtar da ita cewa x lamba ce da ba a bayyana ba tukuna. A ce x farashin buhun dankali ne a kasuwar Farin Gada, y kuma farashin kwandon tumatir. Kuɗin buhu 3 da na wasu buhuna 5 sun zama kuɗin buhu 8, shi ya sa 3x + 5x ke zama 8x, amma kuɗin buhu 3 da na kwando 2 ba su da wani gajeren suna, don haka 3x + 2y amsa ce kammalalliya yadda take. Yara da yawa suna ganin muddin akwai alamar tarawa to aiki bai ƙare ba, sai su matse komai wuri guda. Ana haɗa waɗanda harafinsu ɗaya ne kawai, kuma ko x da x² ba a haɗa su, tunda na biyun x ne sau x.

Kuskure na biyu na alama ne. Ɗebewar da ke gaban baka, wato wannan alamar ( ), tana juya alamar duk abin da ke ciki, ba na farkon kaɗai ba, saboda haka 7a − 2a + 4b ake samu, wato 5a + 4b.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne gwaji da lamba, wanda ba ya bukatar zurfin boko. Ki ce ta sa 2 a gurbin x, 3 a gurbin y: 3x + 2y zai ba da 12, 5xy kuwa 30, nan take za ta ga ba ɗaya ba ne. Kada ki yi saurin gyara mata, ki bar ta ta gano da kanta, sannan ki roƙi malaminta ya riƙa nuna mata layin da ta kauce maimakon ya soke amsar kawai.