Na riga na biya kuɗin shafi, me ya sa ake neman kuɗin suna duk shekara?

Wani Alhaji da ke sarin takalma da jakunkuna a hannun dukawa yana sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato ya aiko da wannan tambaya: “Malam, bara wani yaro ya gina mini shafin intanet domin masu saye daga Legas da Abuja su riƙa ganin kayana, kuma na biya shi kuɗin aikinsa cif. Yanzu ya dawo yana cewa sai na biya kuɗin suna da kuɗin masauki, in ba haka ba shafin zai ɓace. Ashe ba saye na yi ba? Ko cutata yake so ya yi?”

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Neman waɗannan kuɗaɗe biyu ba cuta ba ce, haka tsarin yake a ko'ina cikin duniya, sai dai akwai wurin da cutar takan ɓuya, kuma ba za ka gane shi ba sai ka san aikin da sunan yake yi maka.

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace na'ura da ke ɗauke da shafi tana da lambar adireshi, wadda a tsohon tsari lambobi ne huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Kamar yadda kake taɓa sunan abokin cinikinka a waya ita kuma ta kira lambarsa, haka ake bukatar abin da zai juya sunan shafinka ya zama lamba. Da farko takarda guda ce ta kwamfuta, wato rajistar sunaye da lambobinsu, ake ajiyewa a wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta Amurka, kowa yana kwafa, har na'urori suka yi yawan da takardar ta kasa ɗauka. A 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris ya fito da tsarin da ake kira DNS, wanda ya rarraba rajistar hawa-hawa, kowane hawa da mai kula da shi.

Mu ɗauka wata Hajiya a Legas ta rubuta sunan shagonka da ya ƙare da .com.ng. Wayarta za ta miƙa tambayar ga wata kwamfutar kamfanin layinta, wadda ke aikin ɗan aike. Shi ɗan aiken nan daga dama zuwa hagu yake bin sunan, kamar mai karatun allo. Zai fara da tushe, wato adireshi 13 da ke saman tsarin baki ɗaya, waɗanda ke da kwafi sama da dubu a ƙasashe daban-daban. Tushen bai san shagonka ba, iyakarsa ya ce a tambayi mai riƙe da .ng, wato ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 take kula da sunayen Najeriya. Ita ma ba za ta ba da lambarka ba, za ta duba rajista ta nuna kwamfutar da aka rubuta cewa ita ce ke magana da yawun sunanka, a can ne za a samo lambar. Daidai yake da baƙon da ya sauka a tasha, aka tura shi wurin Sarkin Kasuwa, shi kuma ya tura shi wurin shugaban layin 'yan fata, sannan aka nuna masa ƙofar shagonka, sai dai wannan zirga-zirgar yawanci ba ta cika daƙiƙa guda ba.

Ɗan aiken yakan riƙe amsar na ɗan lokaci don kada ya yi ta jeka-ka-dawo. Saboda haka duk ranar da aka sauya wa shafinka masauki, wasu za su ga sabo wasu tsoho na wasu sa'o'i, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu. Kada ka yarda a yi maka irin wannan ƙaura ana gab da Sallah, lokacin da odar takalma ta fi yawa.

To, a nan kuɗinka ya rabu uku. Aikin ginin shafi shi ne ka biya bara, kuma ya wuce. Masauki haya ce ta wuri a cikin na'urar da hotunan kayanka suke zaune dare da rana. Suna kuma haya ce ta layinka a cikin waccan rajista, ba a sayar da shi dindindin ga kowa, ko da babban banki ne. Sunan da ya ƙare da .com, wanda kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da rajistarsa, da dala ake yanke farashinsa, don haka yana hawa duk sanda naira ta faɗi, kodayake ana iya biyan har shekara 10 a gaba. Na .com.ng kuwa da naira ake yanke shi. A ganina, tunda masu sayenka a cikin ƙasa suke, na gida ya ishe ka, sai ranar da ka fara aika fatar jan akuyar Sakkwato zuwa ƙetare ka ƙara ɗayan.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ba ka faɗi da sunan wa aka yi rajistar ba. Da yawa daga cikin masu gina shafi, ba lalle da mugun nufi ba, sukan sa sunansu da imel ɗinsu saboda sauri, alhali a idon kamfanin rajista, wato wanda ake biya kuɗin suna ta hannunsa, wanda sunansa ke rubuce shi ne mai abu, ko da wani ne ya biya. Na taɓa zama da wani mai sayar da shadda wanda yaron da ya yi masa aiki ya tafi bautar ƙasa ya canza layi. Saƙonnin gargaɗi suka yi ta zuwa imel ɗin yaron, wa'adi ya cika, shafi ya mutu. Ya zo wurina riƙe da ledoji da katunan da ya buga da sunan a jikinsu, yana tambayar ko akwai ofishin da zai kai ƙara, ni kuwa da muka duba sai muka tarar sunan ya riga ya shiga hannun wani. A tsarin .com, bayan wa'adi akan ba da 'yan kwanaki na rangwame, sannan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, daga nan a sake shi ga duk wanda ya riga biya. Wanda ya karɓe shi kuma yana iya karɓar saƙonnin imel da ake aiko wa sunan, yana kuma iya buɗe shafi mai kama da naka ya sa lambar asusunsa ta banki, mutanen da suka amince da kai su tura masa kuɗi.

Don haka kafin ka ba da ko sisi, ka kira yaron cikin mutunci ku zauna a shago, ya buɗe asusun kamfanin rajistar a gabanka, ka ga sunan da ke ciki da idonka. Idan nasa ne, a mayar da shi sunanka ko na kasuwancinka, da imel ɗinka da lambar wayarka, ka sa kalmar sirri da kanka, shi kuma ya ci gaba da kula da shafin ana biyansa ladansa. Ka nemi rasit da ya raba kuɗin suna da na masauki, kowanne da ranar ƙarewarsa, ka rubuta ranakun a shafin farko na littafin bashinka, ka riƙa biya saura wata guda.